Gwaggo Ba Ta Taɓa Ƙarasa Mini Kalma Ba

Kwanakin baya wani dattijo daga Darna ya kawo babbar riga shagona, wai in gyara masa wuyanta da ya fara zarewa. Da na warware ta a kan teburi, sai ƙanshin kafur ya buge ni, irin na tufar da ta daɗe a ƙasan akwati ba a taɓa ta ba. Na tsaya riƙe da almakashi, ban yanka ba, ban kuma ajiye ba. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam tela, lahiya dai?" Na ce masa lafiya lau. Ban gaya masa cewa rigarsa ta ɗauke ni ta mayar da ni ɗakin Gwaggo ba, ina ɗan yaro, durƙushe gaban wani koren akwatin ƙarfe.

Kafin in shigar da kai ɗakin, mai karatu, bari in gaya maka abin da duk wanda ya san ni ya sani. Ni mai in'ina ne. Da ita na tashi, da ita nake har yau da furfura ta cika mini gemu, sai dai ta yi sauƙi. Kai da kake karanta wannan ba za ka ji ta ba, domin alƙalami ba ya sarƙewa. Amma da a gabanka nake zaune, da ka ga yadda wata kalmar kan tsaya mini a maƙogwaro kamar jakin da ya ga ruwa, in yi ta tura ta, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Gidanmu a Illela gidan 'yan kasuwa ne. Baba yakan kai albasa da wake Konni, ya dawo da abin da ya samu, wani lokaci atamfa, wani lokaci dabino. Yayyena maza tun suna ƙanana bakinsu ya buɗe. Su yi ciniki da Bafulatani su tsarma masa Fulatanci har ya yi dariya, su juya su yi da mutumin Nijar su yi masa lissafi da sefa ba tare da sun ɗaga kai ba. Baba yakan ce, "Kasuwa da baki aka cin ta." Ba da ni yake ba in ya faɗi haka, amma ni nake jin ta a jikina.

Ran wata kasuwar Lahadi ya bar ni a rumfa ya tafi ya yi alwala. Wani mutum ya tsaya, ya taɓa kashin albasa da ƙafa ya ce nawa. Na san amsar. Na buɗe baki, harafin farko ya kama mini leɓe ya ƙi saki. Mutumin ya jira kaɗan, ya dube ni da tausayi, ya matsa rumfar gaba ya saya. Ashe Baba ya dawo yana tsaye a bayana. Bai dake ni ba, bai ma yi faɗa ba. Ya dai zauna ya gyara zaman albasar, kuma daga ranar bai sake barina a rumfa ni kaɗai ba.

A makaranta ma haka abin yake, ko ma ya fi. Malaminmu yakan bi layi, kowa ya tashi ya karanta jimla ɗaya da ƙarfi. Kafin layi ya zo kaina na riga na karance shafin duka a zuciyata, har na leƙa na gaba. Amma da zarar na miƙe, na ji idanun aji a kaina, sai haƙorana su datse. Yara su fara ƙunshe dariya, wani ya kwaikwaye ni daga baya, malam ya ce in zauna. Ban ga laifinsa sosai ba yanzu da na girma. Yara sun yi masa yawa, kuma a ganinsa wanda bai iya faɗa ba bai sani ba. Har aji aka sa na maimaita.

A cikin wannan hali Gwaggo ta dawo gidanmu. Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta yi aure a Sakkwato, mijinta malamin gona ne, Allah bai bar musu ɗa ko ɗaya a raye ba. Da ya rasu ta gama takaba, Baba ya je ya ɗauko ta, aka ba ta ɗakin da ke kusa da rijiya, inda inuwar darbejiya take sauka da rana. Kayanta ba su da yawa: gado, tabarma, buta, kwandon audugar kaɗi, da wannan koren akwati. Ciwon yana ya fara rufe mata idanu tun kafin ta zo. Tana gane haske da duhu, tana gane mutum in ya tsaya a bakin ƙofa, amma ba ta rarrabe fuska. Kaɗi kuwa ba ya bukatar ido a wurinta. Yatsunta sun san zare.

Da bazara ne, irin zafin nan na Illela da ko kaji sai su buɗe baki su kwanta a gindin randa. Na dawo daga makaranta, yaran unguwa sun biyo ni suna maimaita sunana yadda nake faɗinsa. Na rasa inda zan ɓuya, na faɗa ɗakin Gwaggo. Ba ta tambaye ni abin da ya koro ni ba. Ta ce tunda Allah ya kawo ni, in buɗe akwati in ɗauko mata wani zane baƙi. Na ɗaga murfin, na ɗaga zannuwan, sai ga littattafai a jere a ƙasa, wasu an yi musu bango da takardar siminti. Ban taɓa ganin littafi a gidanmu ba in ba Alƙur'ani da 'yan littattafan addini na Baba ba. Na manta da zane. Na ɗauki ɗaya na zauna a ƙasa.

Can Gwaggo ta ce, "Kai, mi kaka yi da ka yi shiru haka?"

Da ƙyar na fitar da kalmar karatu.

Ta ce, "A ciki? Kai kaɗai? Ashe marowaci na. To ni da idona ya tahi, wa zai ba ni nawa? Karanta min in ji. Ba ni zuwa ko'ina."

Daga baya na ji labarin akwatin. Ashe a Sakkwato ta shiga ajin yaƙi da jahilci na matan aure, ta iya boko har tana karanta jarida, mijinta kuma duk inda aiki ya kai shi sai ya sayo mata littafi. Da idonta ya fara dushewa shi yake karanta mata. Da ya tafi, sai akwatin ya zama kamar rumbu cike da hatsi a gidan da babu turmi.

Na fara karantawa. Ban kai ƙarshen layin farko ba na maƙale. Na jira abin da na saba: ko dariya, ko tsaki, ko a faɗi kalmar a madadina don a huta. Ko Inna, mahaifiyata, da take sona kamar ranta, takan ƙarasa mini magana don ta rage mini wahala. Gwaggo ba ta yi ko ɗaya ba. Ta lakaci alli a yatsa, ta murza mazari, ta ci gaba da kaɗinta kamar babu abin da ya faru. Na yi ta kokawa da kalmar har ta fito. Ta ce, "Uhm, sai mi?" Na ci gaba.

Duk tsawon shekarun da na yi ina karanta mata, ba ta taɓa ƙarasa mini kalma ba, ko da ta san ta, ko da ta ji littafin sau da yawa. Rana ɗaya kawai ta yi magana a kan in'inata, ranar da na yi fushi na jefar da littafi na ce ba zan iya ba. Ta ɗaga zaren da ke hannunta ta ce, "Wanga ma yana tsinkewa. In ya tsinke ba a yar da mazari. Haɗawa aka yi, a ci gaba." Ta miƙo hannu tana lalube har ta taɓa littafin, ta turo mini shi.

Haka muka yi ta yi kullum bayan azahar. Mun karanta komai, domin ba mu da zaɓi. Akwai ɗan littafi kan noman gyaɗa, akwai na yadda ake tace ruwa don gudun kurkunu, akwai na labarin ƙasa mai hoton teku da jirgin ruwa, akwai tsofaffin jaridu da labarinsu ya riga ya tsufa kafin a haife ni. Na karanta mata yadda ake shuka gyaɗa kamar wani babban labari, ita kuma tana gardama da marubucin, tana cewa wannan bai taɓa riƙe hauya ba. A nan na fara gane cewa bayan kowane rubutu akwai mutum, kuma ana iya yi masa musu.

Akwai wata Bafulatana mai tallar nono da takan zo daga rugarsu ta wajen Kalmalo. In rana ta yi tsaka takan sauke ƙwaryarta a ƙofar Gwaggo ta sha ruwa ta huta. Da farko in na gan ta sai in rufe littafi. Gwaggo ta ce, "Ci gaba, wagga tamu ta." Wata rana ina karanta wani labari na ban dariya, na wani mutum da ya sayi jakin da ya fi shi wayo, sai Bafulatanar ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Na ɗauka ni take yi wa. Na ɗaga kai, sai na ga ko kallona ba ta yi, tana cewa, "Kai, jakin nan! Sai ya yi yaya kuma?" Ranar ce na fara sanin cewa dariya iri biyu ce, kuma bakina ma yana iya jawo ta biyun.

Littafin da muka fi so shi ne na wani falke da ya ratsa hamada da ayarinsa, raƙumar da ke ɗauke da salkunan ruwa ta tsinke igiya ta ɓace. Muna ta bin su, rana tana dukansu, yaron falken ya fara suma, sai na juya shafi na tarar babu sauran. Gara ta cinye ƙarshen littafin, ta bar bango kawai. Na tambayi Gwaggo yadda aka ƙare. Ta ce ta manta, an daɗe. Har yau ban sani ba ko mantawar gaske ta yi. Na dame ta da tambaya kwana da kwanaki, har ta ce, "To kai ka hiddo su mana. Ba a barin mutane cikin daji da ƙishirwa. Ba ka da alƙalami?"

Ban taɓa tunanin an yarda mutum irina ya yi haka ba. Na ɗauka labari daga wani wuri yake zuwa, daga manya, daga birni. Na yi ta juya abin a raina. In aka aike mu gonar albasa a bakin tafkin Kalmalo, yayyena suna ban ruwa suna hira, ni kuwa ina tunanin falke. Ban taɓa ganin hamada ba, ban san yadda ake samun ruwa a cikinta ba. Sai na tambayi Bafulatanar nan yadda suke yi in sun rasa ruwa a daji. Ta ce su tsuntsaye suke kallo da la'asar, duk inda kurciyoyi suka dosa a jere, ruwa yana can. Na je bakin tafki na tsaya na gani da idona, haka ne kuwa. Na dawo na buɗe bayan littafina na makaranta, na sa falke ya ɗaga kai ya ga kurciyoyi. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa, har takardar ta huje a wani wuri. Abin mamaki, a takarda babu kalmar da ta tsaya mini. Duk wadda na kira sai ta zo.

Ban gama ba sai ga maganar da ta kusa raba ni da makaranta. Malaminmu ya haɗu da Baba bayan sallar Juma'a, ya gaya masa gaskiyar abin da yake gani, cewa yaron nan ba ya ɗaukar karatu. Baba ya dawo gida ya kira Inna, ina jin su daga bayan zana. Ya ce ya yi tunani, kasuwa ba ta karɓe ni ba, boko ma bai karɓe ni ba, to da faɗuwar ruwan fari zai kai ni Tozai wajen Kawu in koyi noma. Ya ce gona ba ta tambayar mutum magana. Ba da mugunta ya faɗa ba. Uba ne da yake neman inda ɗansa zai ci abinci ba tare da an yi masa dariya ba. Sai da ya fita na ji Inna tana jan hanci.

Ni Tozai ba ta dame ni ba, ina son Kawu. Abin da ya tsaya mini shi ne can babu akwati, babu Gwaggo. Na je na gaya mata, maganar tana fita gutsi-gutsi. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ka ƙare labarin falke?" Na ce saura kaɗan. Ta ce, "Je ka ƙare shi."

Ranar da na gama, bayan la'asar, ta aiki ƙanwata ta kira Baba. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da carbi a hannu, ya ce, "Yaya, ga ni." Ta ce ya shigo ya zauna, yaron nan zai karanta musu abu. Baba ya zauna a bakin tabarma, yana duban waje, domin akwai motar da yake jira daga Konni.

Ban taɓa yin in'ina irin ta ranar ba. Ganin Baba a gabana ya mayar da ni rumfar albasa. Jimlar farko ta ɗauke ni lokacin da ya isa a sha fura a wanke ƙwarya. Gumi ya jiƙa mini riga. A jimla ta biyu na maƙale a kan kalmar raƙuma, na yi ta ja, har Baba ya kasa jurewa. Ya miƙe ya ce, "Yaya, ki bar wahal da yaron ga. Dut mun san lalurarshi."

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Zamna. Kai sai da ka wuce shekara biyu ba ka taka ba, mutane suna ta cewa gurgu na. Ni na riƙe hannunka a tsakar gida kullum har ka tashi. Ban ce ina da wurin zuwa ba. Zamna ka jira shi."

Baba ya koma ya zauna. Ban taɓa ganin wani ya yi masa magana haka ba. Na dubi takardata, na ja numfashi, raƙuma ta fito. Na ci gaba, ina faɗuwa ina tashi. Wani wuri in yi layi biyu lafiya, wani wuri in tsaya. Ban san lokacin da Baba ya daina duban ƙofa ba. Na dai lura carbinsa ya tsaya. Da falke ya ga kurciyoyi ya ce wa mutanensa su bi su, sai na ji Baba ya ce a hankali, "Haka na, haka aka yi." Da suka isa ruwa, aka ɗiga wa yaro a baki ya farfaɗo, na rufe littafi. Inuwar darbejiya ta riga ta kai bangon gabas.

Baba ya ce, "To raƙumar fa? Ba a gane ta ba?"

Na ce ban sa an gan ta ba.

Ya ce, "Asara ke nan. Raƙuma guda da kayanta." Sannan ya tambayi Gwaggo wane malami ne ya rubuta wannan. Ta nuna inda take jin numfashina ta ce, "Ga malamin nan zamne gabanka."

Ya karɓi littafin daga hannuna. Bai iya boko ba, ajami ya sani, amma ya daɗe yana duban rubutun, yana shafa wurin da ya huje da babban yatsansa. Ya miƙo mini, ya tashi, ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Shi ƙare firamare tukuna." Ba a sake tayar da maganar Tozai ba. Bayan kwana biyu na sake rubuta ƙarshen, na sa aka tsinci raƙumar a bakin ruwan tana kiwo, don Baba.

Ba zan ce maka daga nan komai ya gyaru ba. Yara ba su daina dariya ba, ni ma ban daina maƙalewa ba. Sai dai na daina ɗaukar kaina daƙiƙi, kuma a aji na gaba Allah ya haɗa ni da malamin da yake duba abin da muka rubuta fiye da abin da muka faɗa. Na gama firamare, na ɗan taɓa sakandare. Gwaggo ta rasu da kaka, ana cikin yankan gero, ina tsakiyar karanta mata wani littafi da na aro. Ban ƙarasa shi ba, na mayar wa mai shi.

Daga baya na koyi ɗinki, sana'ar da keke ke yin surutu a madadin mai shi. Littattafan akwatin kuwa sun watse, wasu aro ya cinye, wasu ɗigar ruwan damina. Da farko nakan sayi 'yan littattafan hikaya a wajen mai talla a tasha, in karanta tsakanin ɗinki da ɗinki. Sai aure ya zo, 'ya'ya suka zo, ɗinkin salla ya zo ya tafi ya sake dawowa. Ban yanke shawarar barin karatu ba, ya dai zame mini a hankali kamar abokin da kuka daina gaisawa ba tare da kun yi faɗa ba. Shekaru masu yawa ban rubuta komai ba sai awon kafaɗa da tsawon hannu.

Abin da ya dawo da ni shi ne lokacin da aka rufe iyakarmu da Nijar. Garinmu da iyaka yake numfashi. Motoci suka tsaya, kasuwa ta yi sanyi, wanda bai sayar ba kuwa ba ya ɗinka sabuwar riga. Nakan buɗe shago in zauna har yamma ban taka keke ba. 'Yata ta biyu, wadda ke kawo mini abincin rana, kullum idonta yana kan waya. Na yi mata faɗa, na ce wannan abu zai cinye mata hankali. Ta ce, "Baba, karatu fa nika yi." Ta miƙo mini. Ashe labari ne wata mata take rubutawa kashi-kashi, tana turawa, mutane suna karantawa suna yi mata gardama, wasu suna roƙonta kada ta kashe wane. Na karanta kashi ɗaya, na nemi na biyu. Rubutun cike yake da kurakurai, babu ƙugiya a kan haruffa, babu aya. Amma labarin yana da rai, kuma na ji wani abu da ya daɗe yana barci ya motsa a ƙirjina.

Washegari na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Na fara da abin da na sani: masuntan Kalmalo a shekarun da tafki ya ja baya, dillalan dabbobi na kara, matan da ke tsallaka iyaka da tallar fura ba su san wata iyaka ba. 'Yata takan buga a wayarta ta tura. Na ɗauka babu mai kulawa da rubutun tsohon tela. Sai ga saƙonni. Wani direba daga can cikin Nijar ya turo murya yana cewa a gaya wa mai labarin nan ya yi sauri, shi da yaran motarsa suna jira. Wata malamar makaranta ta ce tana karanta wa ɗalibanta. Ba wanda ya san yadda nake magana a cikinsu, kuma da sun sani ma ban ga abin da zai rage ba.

Yanzu an buɗe hanya, keke ya koma aiki, amma ban ajiye alƙalami ba. Nakan ji tsarata suna kukan cewa yaran zamani ba sa karatu. Ni ban yarda duka ba. Gaskiya ne ba sa riƙe takarda kamar da, kuma hankalinsu yana saurin tashi kamar tsuntsu. Amma a zamaninmu gida nawa ne a unguwarmu ke da littafin labari ko ɗaya? Yau yarinya tana zaune a Illela tana karanta abin da wata ta rubuta a Damagaram da safe, har ta mayar mata da amsa. Abin da ya rage mana mu manya shi ne mu ba su abin da ya cancanci a karanta, mu kuma yi haƙurin sauraron nasu.

Wadda ta fi ba ni mamaki a duk wannan ita ce mai ɗakina. Ba ta yi boko ba, allo ta yi. Da labaraina suka fara yawo, maƙwabta sukan shigo su ce mata sun ji abin da malam ya rubuta, ita kuwa sai ta jira 'yarmu ta sami sarari ta karanta mata. Rannan ta ce ta gaji da jira, a gidanta ake dafa abu amma ita ce ta ƙarshen ɗanɗanawa. Ta sa jikarmu ta fara koya mata baƙaƙe, da jikoki a gabanta, da tabarau a hanci. Na so in taimaka, ta ce in bar su, ni ina da gaggawa. Watanni suka wuce ban san inda suka kai ba.

Ran nan ina shago da hantsi, wayata ta yi ƙara. Na duba, sai na ga saƙo daga lambarta, ba murya ba kamar yadda ta saba, rubutu. An rubuta: "malam ka sayo tatasai kada ka mance." Na ajiye ɗinkin da ke hannuna. Na karanta, na sake karantawa, na nuna wa maƙwabcina mai gyaran rediyo, na nuna wa wanda ya zo karɓar wandonsa. Duk yinin ranar ina ciro wayar ina dubawa ina murmushi ni kaɗai. Da yamma na rufe shago na kama hanyar gida, ina ta shirya irin yabon da zan yi mata.

Na yi sallama, ta fito daga madafa tana goge hannu, ta dubi hannuwana duka biyu babu komai. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Kai da anka ce marubuci na, ashe ko karatu ba ka iya ba."